A-Rubuce, Mai Taga ta Uku

Ƙarfe bakwai da rabi yake isowa, ko ana ruwa ko ana rana. Ya jingina kekensa a bangon ofishin lasisi, ya kwance ɗan tsumman da yake ɗaure ƙafar wando da shi don kada sarƙa ta ci, ya gaisa da maigadi, ya shige. Tagarsa ita ce ta uku daga ƙofa, kuma ba ya buɗe ta sai ya gama hidimarsa ta safe. Zai goge tabarau da bakin riga, ya ɗiga tawada a ɗan akwatin da ake dangwala hatimi, sannan ya murza lambobin hatimin har su zo kan kwanan watan ranar. Ya buga sau ɗaya a bayan tsohuwar ambulan, ya ɗaga kai ya dubi kalandar bango, ya sake duban ambulan ɗin. In sun yi daidai, sai ku ji ƙarar sakata. Shekara ashirin da takwas yana wannan a taga ɗaya. Uku na ƙarshen aikinsa a wani ɗaki dabam ya yi su, kuma su ne suka sa ni ɗaukar biro.

In kun ce a ina na san duk wannan, to na zauna a bencin da ke fuskantar tagar har katakon ya gane ni. Abin da ban gani da idona ba mai sharar ofishin ta cika mini, ni kuma na rama mata da labarin unguwarmu. Ba na zama kusa da mutum mu rabu ban ji abin da ke cikinsa ba. Jikokina sun yi faɗa sun gaji, ni ma na gaji da jin faɗan, halin dai yana nan.

Aikinsa ba wani babba ba ne a ido. Akawun karɓar takardu ne. Duk mai son sayar da kayan masarufi, fulawa, man girki, gishiri, sukari, kananzir, sai ya nemi lasisi, kuma takardar neman ta taga take shiga. Ya karɓa, ya duba, ya buga mata kwanan wata, ya shigar da sunanka a babban littafinsa na rajista, ya yago maka 'yar takarda mai hatimi ka tafi da ita shaida. Ba shi ke ba da lasisi ba, ba shi ke hanawa ba. Wannan na mutanen bene ne, masu fanka da labule.

Sunansa na gaskiya yana nan, amma in kun je ofishin da shi ko maigadi sai ya tsaya tunani. A-Rubuce kowa ke ce masa. Duk abin da aka ce ya yi wanda bai gan shi a doka ba, amsarsa ɗaya ce: "To, a ba ni a rubuce." Ba ya ɗaga murya, ba ya ɓata rai. Mai shara ta ce ko matarsa in za ta aike shi kasuwa sai ta rubuta masa, amma wannan ina jin sharri ne, ko da yake ni na fi kowa yaɗa shi.

Zan faɗi gaskiya, na nemi laifin mutumin nan. Na tambayi maigadi ko ana ɗan miƙa masa wani abu ta ƙarƙashin takarda, ya ce ko ruwa ka miƙa masa sai ya ce yana da nasa a filas. Na tambaya ko yana da wata a waje, aka yi mini dariya, aka ce da wane takalmin, wannan nasa da ya sha faci? Abin da na samo bayan wata biyu ina tono shi ne yana tsoron kyanwa, kuma matarsa ce ke yi masa aski, shi ya sa ƙeyar take a karkace. Kun ji iyakar abin kunyarsa.

Shekarar da kaya suka yi wuya ce ta haɗa mu. Kun tuna ta, ba sai na tayar muku da ciwo ba: layin kananzir tun daga bakin titi har bayan makaranta, fulawa sai da raɗa, mai kuwa a cokali ake aunawa. Gwamnati ta ce 'yan kasuwa ne ke ɓoye kaya, don haka kowa ya sake neman lasisi, tsohon lasisin ya kusa mutuwa. Ban ce ƙarya aka yi gaba ɗaya ba. Akwai masu ɓoyon, na san su, na san ma ɗakin da suke zubawa. Amma ba su ne suka sha wuyar ba.

Matar ɗana tana da ɗan shago a bakin layinmu, ɗaki ɗaya ne aka fasa masa ƙofa ta waje. Tun da ɗana ya rasu wannan shagon ke ciyar da mu, ita da 'yan matanta huɗu, da ni da nake zaune a kanta ina ci ina ƙorafin gishiri ya yi yawa. In shagon ya rufe, tukunya ta sauka, maganar ke nan. Ba ta iya barin shago ta je bin layi, sai ta ce, "Iya, ke da ba ki da aiki sai zance, kai mini takardar nan, can ma akwai mutane."

Na ce, "Kin san inda za ki kama ni, 'yar nan."

Kwana shida ina zuwa. Taga ta ɗaya ta ce fom ya ƙare. Ta biyu ta ce a dawo gobe. Manyan 'yan kasuwa masu sito kuwa ba sa ma tsayawa, su haye bene su sauko suna gyara riga. Mu mata masu ƙananan shaguna muna kan benci, ƙafa ta kumbura, mun ƙare labarin kowa har mun fara maimaitawa. Taga ta uku tana rufe duk kwanakin nan. An ba mai ita hutun mako guda wanda bai nema ba, da yake kuma a rubuce aka ba shi, ya tafi.

Ranar ta bakwai sakata ta yi ƙara. Na riga kowa, don tun da na iso na ajiye takalmina a gaban tagar na koma benci ina tsaron su da ido. Ya karɓi takardar, ya karanta ta tun daga sama har ƙasa, ya ɗaga hatimi. Sai ga Darakta ya sauko, turarensa ya riga shi isowa. Mai Turare muke ce masa a benci.

"Akawu, ban ce a dakatar da karɓa daga ƙananan shaguna ba?"

"Ka faɗa, yallaɓai. A ba ni a rubuce."

"Umarni ne daga sama."

"To ai da sauƙi ke nan, yallaɓai. Na sama sun fi mu takarda."

Ya buga hatimin, tim. Har yau ina jin ƙarar nan a kunnena. Mai Turare ya tsaya kamar zai ƙara magana, ya dube mu, mu kuma mata wajen sittin muka zuba masa ido ba mai ƙiftawa. Ya juya ya hau bene.

Na ce, "Ɗan nan, ba za su kore ka ba?"

"Za su iya, Iya. Shi ma sai a rubuce."

Ya miƙo mini 'yar takardar, ya riƙe gefenta bai saki ba, ya yi mini karatun da ba a yi mini ba a shekara huɗun da na yi a makaranta. Ya ɗan ɗaga murya yadda na benci za su ji. Ya ce gwamnati tana da ikon taƙaita lasisin kayan masarufi in kaya sun yi wuya, wannan ba musu. Amma dokar da ta ba ta ikon ta yi mata iyaka. In za ta hana mutum, sai ta rubuta masa, ta faɗi dalili, ta faɗi ranar da hanin zai ƙare, kuma abin da ta hana mai ƙaramin shago ba za ta bar wa mai sito ba don girman rigarsa. In kuma aka karɓi takardarka aka yi kwana arba'in ba a ce maka komai a rubuce ba, lasisinka ya tabbata, ko an ba ka kwali ko ba a ba ka ba.

"Kin gane abin da ya sa fom ke ƙarewa?" in ji shi. "Takardar da ba a karɓa ba, ba ta da kwana ɗaya balle arba'in. Wannan kwanan watan shi ne shagonku. Ki adana shi."

Na ce, "Ni za ka koya wa ajiya? Shekara hamsin ina ajiye sirrin mutane."

Wata daga benci ta ce, "A kunnen wa kike ajiyewa, Iya?" Wuri ya kaure da dariya, shi kaɗai bai yi ba, ya ce ta gaba ta matso.

Abin da ya biyo baya a gabanmu aka yi shi. Washegari akwatin tawada ya ɓace daga teburinsa, ya zo da nasa daga gida. Kwana biyu bayan nan aka ce hatimin yana bukatar gyara, masinja ya hau da shi bene, bai sake saukowa ba. Sai ya ɗauki biro ya riƙa rubuta kwanan wata da hannu yana sa hannu a ƙasa, ya ce doka kwanan wata ta ambata da sa hannun akawu, ba ta ambaci roba ba. Daga safe har a tashi yana rubutu. Yatsun suka ƙage, na ga yana dafa su a jikin murfin filas in ya zuba shayi don su ɗan saki. Bai fita cin abinci ba ko sau ɗaya, don ya san in ya fita zai dawo ya tarar da tagar a kulle. Burodinsa yana aljihun tebur, ya gutsura ya ci gaba.

Daga nan aka ce masa an mayar da shi ɗakin ajiyar tsofaffin fayil da ke bayan gini. Kun san amsar da ya bayar. Takardar canjin ta ɗauki kwana tara kafin ta fito, don mai buga takardu, wata doguwa marar magana, injinta ya yi ta lalacewa a kwanakin nan. Allah ya saka mata da alheri, ni dai ban ce komai ba. A kwana taran nan babu macen da ta zo da takarda ta koma da ita. Ranar da ta canjin ta fito, ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu, ya rufe tagarsa da hannunsa, ya ɗauki filas ya bi ta baya.

A-Rubuce, kai ne, ɗan nan, ka tsaya a wannan taga kai kaɗai alhali na dama da kai da na hagu da kai sun sunkuyar da kai. Ba ka taɓa zagin gwamnati a gabanmu ba, ba ka ce mu yi bore ba. Ka dai nuna mana cewa ita ma tana da bango kamar yadda shago yake da bango, akwai inda in ta kai dole ta tsaya. Siriri mai taurin ƙusa, dodon masu "a dawo gobe". Ba zan ƙara ba, na san ba ka son irin wannan, ana yi kana goge tabarau.

Yanzu bari in tona kaina, tunda na saba tona wasu. 'Yar takardar nan da na yi alfaharin zan adana, na kai ta shago na ce babu inda ya fi ƙarƙashin garwar mai. Ba mai ɗaga ta sai mu, iska ba ta ɗauka, ɓera ba ya shiga. Duk mai ƙaramin shago ya san nan ne ma'ajiya. Abin da na manta shi ne garwar tana ɗan yoyo ta gindi.

Kwana arba'in suka cika ba takarda daga bene, muka yi hamdala. Ranar ta arba'in da huɗu sai ga 'yan kwaɗo, haka muke kiran masu zagayen rufe shaguna, don da buhun kwaɗon kulle suke yawo. Babbansu ya ce ina lasisi. Matar ɗana ta ce kwana arba'in sun wuce, ga shaida. Ta ɗaga garwa. Takardar ta jiƙe sharkaf, ana ganin yatsa ta cikinta. Sunanta yana nan, amma inda hatimin ya zauna sai wani shuɗin tabo ya bazu.

"Wannan kwanan wata ne ko taswira?" in ji babbansu.

Na ce, "Ɗana, je ka duba littafin rajista, yana ciki."

"Wane littafi, Iya? An neme shi an rasa."

Suka sa kwaɗo. Waɗanda takardarsu ke lafiya aka ƙyale su ana harara. Mu da wasu mata goma sha ɗaya, wadda ɓera ya ci tata, wadda aka wanke tata a aljihu, aka rufe mu. Matar ɗana ba ta yi kuka ba, ba ta ce mini uffan ba. Ta zauna a dakali tana kallon ƙofar. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Kwana da kwanaki maganarmu ba ta wuce "ga abinci, Iya" da "to" ba, abincin kuma kullum yana ƙara ja da baya daga bakin kwano.

Na lallaɓa na bi ta bayan ofis. Ɗakin ajiyar ba shi da taga sai wata 'yar kafa a sama da ƙwan fitila ɗaya. Takardu tun daga ƙasa har rufi, ɗaure da igiya, ga warin ɓera. Kyanwar maigadi tana kwance a kan wani tari, shi kuma ya ja kujerarsa can ƙarshen ɗaki yana satar kallonta. Ya rame, yana tari. Ba wanda ya ce ya yi komai a ɗakin nan, an kai shi ne ya ruɓe tare da takardun. Amma ya ɗaure hanci da hankici yana jera su shekara-shekara.

Na ba shi labari. Ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido.

"Ƙarƙashin garwar mai, Iya?"

"Kada ka ƙara mini, na ji a jikina."

"Littafin yana nan," in ji shi. "Makon jiya masinja ya zubo buhu uku na takardun da aka ce a cusa cikin tsofaffi. Wanda ya aiko ya manta wa ya ajiye a ɗakin."

Ya nuna mini da haɓa. Ga shi can a kan kanta, mai baƙin bango, gefensa ya sha hannu. Na miƙa hannu.

"A'a, Iya. Littafin gwamnati ne. Ba ya fita, kuma ba na buɗe wa kowa shi da baki."

"Ni ce fa. Yara huɗu, ɗan nan. Ba ni in nuna wa 'yan kwaɗo in dawo maka da shi kafin ka gama shayinka."

"In na ba ki da baki yau, gobe Darakta ya zo karɓa da baki, me zan ce masa? A ba ni a rubuce."

Jama'a, na zage shi. Na ce masa katako, na ce masa hatimi mai ƙafa, na taɓo har askin matarsa. Yana ta magana ban tsaya ji ba, na fita ina cika ina batsewa. Mako guda babu gidan da ban shiga na ɓata shi ba. Na ce ashe duk halinsu ɗaya, wannan dai ya fi iya ɓoye nasa. Gidajen da na shiga su karanta wannan su sani na janye, kuma a mayar mini da maganata yadda na bayar da ita, kada a ƙara mata gishiri.

Ranar ta takwas, bayan an tashi daga aiki, sai ga keke a ƙofar gidanmu. Ya yi sallama, ya ƙi shiga, ya zauna a dakalin shagon da aka rufe, ya fito da farar takarda biyu da biro.

"Ranar nan na faɗa miki yadda za a yi, Iya, kina tsakiyar askina ba ki ji ba."

Ya ce duk wanda ya nemi lasisi yana da ikon ya rubuto yana son ganin sunansa a rajista, yana kuma da ikon kai ƙara kotu in an rufe masa shago ba takarda. "Da zarar na karɓi takardarku na sa mata kwanan wata na amsa cewa littafin yana hannuna, ya daina ɓata. Amma ba zan rubuta muku ba, tunda ni zan karɓa."

Na tura wa matar ɗana biron. Ta turo mini shi. "Wadda ta jiƙa ita za ta rubuta," in ji ta, kuma na ga gefen bakinta ya motsa. Wannan ce doguwar maganarta ta farko gare ni tun ranar kwaɗo. Na rubuta, layin yana hawa yana sauka, na goge har takardar ta kusa hujewa. Ta sa hannu. Washegari na kai masa ɗakin ajiya, ya karɓa kamar bai taɓa ganinta ba, ya karanta daga sama har ƙasa, ya rubuta kwanan wata, ya buɗe littafin. Ga sunanta, ga ranar, da hatimin nan na farko, tas. Sauran matan goma sha ɗaya duk suka bi sawu, ni na riƙa yi musu jagora, don na riga na zama lauyar benci.

Kada ku ɗauka daga nan an gama. Sau uku ana ɗage shari'ar. Yau alƙali ya yi tafiya, gobe lauyan ofis bai shirya ba, mu kuma mu kwashi ƙafa mu je mu dawo. A zama na huɗu kotu ta aika masa sammaci a rubuce, ya naɗe littafin a tsohon zanin matarsa, ya ɗaure a bayan keke ya kawo. Lauyan ofis ya yi dogon turanci, ya ce kaya sun yi wuya, gwamnati tana da iko. Alƙalin wani dattijo ne da shi ma gajiya ta bayyana a fuskarsa. Ya ce ya ji, ina takardar da aka rubuta wa matan nan an hana su? Aka shiga jujjuya fayil. Babu. Ya juya ga akawu.

"An umarce ka ka daina karɓar takardunsu?"

"An faɗa, ranka ya daɗe, da baki."

"Me ka ce?"

Bai samu ya buɗe baki ba, mu goma sha biyu muka amsa masa da murya ɗaya. Alƙali ya buga tebur ya ce zai fitar da mu, amma na ga ya rufe baki da hannu. Hukuncin bai yi tsawo ba. Ya ce ikon taƙaitawa yana nan, amma ba a yin sa da baki, ba a yin sa ba ranar ƙarewa, ba a kuma zaɓar wanda za a yi wa. Kwana arba'in sun cika, lasisin ya tabbata, a cire kwaɗo.

Da na so in ce muku daga nan sai murna, amma na tsufa da wannan irin ƙaryar. Kwana sittin da bakwai shagon yana kulle. Da aka buɗe, fulawa ta cika da ƙwari, gishiri ya dunƙule ya zama dutse, sukari tururuwa sun raba gado, warin kananzir ya shiga komai. Masu saye sun saba da wani wuri, sai da muka shekara kafin su gama dawowa. Biyu daga cikin matan nan ba su sake buɗewa ba. Mai Turare kuwa an ɗauke shi an kai shi ofishin da ya fi wannan girma, an ce fankarsa biyu yanzu. Shi kuma A-Rubuce ba wanda ya rubuta a mayar da shi tagarsa, shi ma bai roƙa ba. Shekara uku ya yi a ɗakin nan da kyanwa. Ya jera takardun gini gaba ɗaya, ya fito da tarin da har yau bai sake shi ba. Amma shagonmu a buɗe yake, babbar jikata tana aji na ƙarshe, kuma tun daga shari'ar nan ban sake jin an ce fom ya ƙare ba.

Alhamis ɗin da ta wuce ya yi ritaya. Mu biyar ne a wurin: maigadi, mai shara, doguwa mai buga takardu, ni da matar ɗana, wadda ta rufe shago da rana tsaka don ta zo, abin da ko don ciwona ba ta yi. Sabon Darakta ya aiko a ce yana taro. Aka kawo lemon kwalba mai ɗumi, aka miƙa masa agogon bango daga ofis, shi da bai taɓa makara ba kuma daga ranar ba inda za shi. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya.

Na matsa kusa na ce, "Ɗan nan, mun gode. Ka yafe mini zancen aski."

Ya ce, "Aikina na yi, Iya. Askin kuma gaskiya kika faɗa."

Na ce, "Ka ji dai na ce mun gode."

Sai mai shara ta ce, "Ke Iya, yau kika san shi? Ai ba ya karɓa da baki." Ya yi dariya har tarin ya taso, maigadi yana bubbuga masa baya. Ranar na fara ganin haƙoransa, kuma don masu son sani, ɗaya ya fita ta gefen hagu.

Ku da kuke zaune a tagogin nan yanzu, 'ya'yana, ba na ce ku yi faɗa da kowa ba, shi ma bai yi ba. Ku san iyakar da doka ta yi wa na sama da ku, ku karɓi takardar talaka ku sa mata rana, in an ce ku ƙi, ku nemi a rubuta muku. Ba zan ruɗe ku ba, ba a samun fanka ta wannan hanyar. Amma akwai tukwanen da ke kan wuta yau saboda ita. Ku kuma 'yan'uwana masu shago, ku nemi gwangwani mai murfi, ku rabu da gindin garwa.

Kai kuma A-Rubuce, Allah ya ba ka lafiya, ya sauƙaƙa maka tarin nan, ya sa ka huta hutun da ba wanda zai katse maka. Ka ce ba ka karɓa da baki, ko dai an faɗa a madadinka ba ka musa ba. To ga ta a rubuce. Kwana huɗu na yi ina rubuta ta, yatsuna sun ƙage, na dafa kofin shayi yadda na ga kana yi. Matar ɗana ta sa hannu a ƙasa, matan nan ma sun sa, har biyun da ba su sake buɗewa ba. Zan kawo maka har gida. Ka karanta daga sama har ƙasa, ka rubuta mata kwanan wata, ka yago mini shaida. Matar ɗana ta riga ta ce ita za ta ajiye.